Kafin A Busa Usur A Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Duk wanda ya saba fita bayan sallar asuba a manyan garuruwanmu ba baƙo ba ne ga ayarin samarin nan da ke gudu a jere, ɗaya na ba da waƙa saura na amshi, har su tuƙe a filin makarantar firamare ko filin ƙwallo, inda za a shiga tsallen kwaɗo da tsuguna-tashi da sauran nau'o'in gwale-gwale har rana ta ɗaga. Wasunsu shirin zuwa tantancewar ɗaukar soja ko ɗan sanda suke yi, wasu 'yan ƙwallo ne, wasu 'yan sa-kai, wasu kuma zaman kashe wando ne ya ishe su. A biranen Katsina da Kano da Kaduna kuwa, ma'aikatan banki da malaman jami'a da manyan jami'an gwamnati ne ke biyan kuɗi a gidajen motsa jiki domin wani matashi mai usur a wuya ya wahalar da su na minti 40 kafin su wuce ofis. Abin da ya haɗa rukunan biyu shi ne salon atisayen: mai tsanani ne, gajere ne, kuma a cikin taro ake yin sa, inda kowa ke kallon kowa.

Wannan jarida ta ga ya dace ta tsoma baki a lamarin ne saboda a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da maƙwabtansu irin su Ɗandume da Ɗanmusa, ƙarfin ƙafa da tsawon numfashi sun daɗe da tashi daga abin ado sun koma abin tsira da rai. Idan ba a manta ba, a daren ranar Juma'a 11 ga Disamba, 2020 ne 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji a ƙafa. Yara 344 aka sako ranar 17 ga watan, kuma abin da ya fi yawa a bakinsu shi ne doguwar tafiyar da aka sa su, da dama daga cikinsu ko takalmi babu. Waɗanda suka kuɓuta tun a daren farko kuwa, haura katanga da gudu ne suka fisshe su. Daga baya, a watan Oktoban 2023, Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar da matasa sama da 1,400 a rukunin farko, waɗanda aka ɗebo daga yankunan da matsalar ta fi addaba, aka ba su horo, aka mayar da su su tsare garuruwansu. A irin wannan yanayi, duk mai ce wa saurayi ya daina gudun asuba ba zai samu mai saurarensa ba, mu ma kuma ba abin da muka zo faɗa ke nan ba. Abin tambaya shi ne, wa ke riƙe da usur, kuma me ya sani game da jikin da yake ba wa umarni?

Shi wannan salo na atisaye yana da tarihi. A 1996 ne wani masani ɗan ƙasar Japan, Izumi Tabata, da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna cewa daƙiƙa 20 na aiki da iyakar ƙarfi, sai hutun daƙiƙa 10, a maimaita sau 8, wato minti 4 kacal, na iya ƙara ƙarfin zuciya da huhu ƙwarai a cikin makonni 6. A shekarar 2000 kuma Greg Glassman ya kafa kamfanin CrossFit a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka gwama ɗaga ƙarfe da gudu da tsalle, aka sa agogo, aka kuma rubuta sakamakon kowa a allo domin a yi gasa. Daga nan abin ya bazu a duniya, kuma yanzu wayar hannu ta kawo shi har ƙauyukanmu: matashi ya kalli bidiyon minti 3, gobe ya tara abokai 20 ya zama koci. Abin da bidiyon ba ya faɗa shi ne, waɗanda Tabata ya yi gwajinsa a kansu matasa ne lafiyayyu da suka riga suka saba da wasanni, kuma a ɗakin bincike aka yi, a kan keken motsa jiki, masana na tsaye a kansu.

Amfanin abin a fili yake, kuma rashin adalci ne a rage shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta shawarci baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai tsanani na minti 75 zuwa 150, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Ma'ana, mai tsananin yana biyan buƙata a rabin lokacin, wanda ba ƙaramin rangwame ba ne ga ma'aikacin da ke fita da safe ya dawo bayan magariba. Yana saukar da hawan jini, yana taimaka wa jiki sarrafa suga, yana rage tumbi, yana gyara barci. Cututtukan da a da ake kira na masu kuɗi yanzu sun shiga kowane gida, kuma kusan mutum 1 cikin 3 na manyan 'yan Nijeriya na ɗauke da hawan jini, akasarinsu ba su ma sani ba. Al'ummar da ta koma hawa babur zuwa masallacin da ke bayan gida ba ta da hujjar raina duk wani abu da zai sa ta gumi.

Sai kuma amfanin taron kansa. Mutum shi kaɗai kan yi alwashin gudu ya karya a kwana na uku, amma idan ya san abokai na jiransa a bakin fili, kunya kan tashe shi ko da sanyin hunturu. A yankin da tsoro ya hana noma a gonaki masu nisa, ya rage cin kasuwanni, ya bar samari da yini a gindin bishiya, ƙungiyar da za ta tara su da asuba ta gajiyar da su, ta ba su shugaba da lokaci da abin alfahari, alheri ce. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Filin atisaye na cikin 'yan wuraren da ke gogayya da majalisar 'yan shaye-shaye wajen jan hankalin saurayi. Kuma wanda ya ga tashin hankali da idonsa, ya kasa barci, sau da yawa gajiyar jiki da hira da 'yan'uwa kan rage masa nauyin da ke ƙirjinsa.

Bahaushe ma ba yau ya fara wannan ba. Mene ne gayya in ba atisayen taro mai tsanani ba? Samari su jeru a kunya, makaɗi na zuga, 'yan mata na kallo, kowa na son ya riga fita ƙarshen gona. Haka kokawa da dambe da langa bayan an kai amfanin gona gida. Sai dai manoman da suka gaji gayya sun gaji dokokinta. Da sanyin safiya ake farawa, a sha fura da hantsi, a nemi inuwa idan rana ta take, kuma jikin da ke shiga gayya jiki ne da ya riga ya yi sharar gona da shuka da noman farko, ya hau aikin mataki-mataki. Dattijon da ke gefe ya san wanda ya kamata a ce ya ajiye garma ya huta, kuma idan ya faɗa ana ji. Abin da muka aro daga waje ya zo da zugar gayya, amma ya baro dattijon a baya.

A nan ne haɗarin yake, kuma daga inda amfanin ya fito nan shi ma ya fito. Allah ya halicci jiki da birki: numfashi ya sarƙe, ƙafa ta yi nauyi, kai ya yi jiri, sai mutum ya tsaya. Wanda ke gudu shi kaɗai kan bi wannan gargaɗi. Wanda ke cikin mutum 30, ana waƙa, koci na kiran duk wanda ya tsaya rago ko mace, sai ya danne gargaɗin. A wurin tantancewar ɗaukar aiki abin ya fi muni, domin wanda ya shekara 5 da takardar shaidar kammala karatu a akwati ba zai tsaya a zagaye na ƙarshe don ƙirjinsa na zafi ba. Kunyar da ta fito da shi daga ɗaki ita ce kuma za ta hana shi zama a lokacin da zaman ne zai cece shi.

Cuta ta farko da ya kamata kowane mai riƙe da usur ya sani ita ce dagargajewar tsoka. Idan aka tilasta wa tsokar da ba ta saba ba maimaita aiki ɗaya sau ɗaruruwa, musamman irin tsallen kwaɗo da tsuguna-tashi, ƙwayoyinta kan fashe su zubar da abin da ke cikinsu a jini. Daga ciki akwai wani sinadari da ke bi ta ƙoda ya toshe ƙananan hanyoyinta, da kuma gishirin fotasiyam wanda idan ya yi yawa yakan rikita bugun zuciya. Alamominta ciwon tsoka da ya wuce na gajiya, kumburin cinya ko damtse, kasala, da fitsari mai launin baƙin shayi, ko ma fitsarin ya ragu ƙwarai. Abin da ke sa ta yaudari mutane shi ne, sau da yawa ba a fili take kayar da mutum ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu a gida. A yankinmu kuwa, duk wanda fitsarinsa ya canza launi shawara ko zazzaɓin cizon sauro za a fara zargi, a jiƙa masa sassaƙe, ko a sayo masa maganin ciwon jiki a kemis, alhali ire-iren su diclofenac da ibuprofen ƙara wa ƙodar da ke cikin wahala nauyi suke yi.

Kada a ɗauka wannan ciwon raggwaye ne. A watan Janairun 2011, 'yan wasan ƙwallon Amurka 13 na Jami'ar Iowa aka kwantar a asibiti da wannan cuta bayan an sa su tsuguna-tashi sau 100 da ƙarfe a kafaɗa, jim kaɗan da dawowarsu daga hutu. Ƙarti ne majiya ƙarfi, masu likitoci da abinci mai kyau, amma hutun 'yan makonni ya isa ya sa jikinsu ya kasa ɗaukar abin da a da yake ɗauka. Su sun warke domin asibitin na kusa kuma an gane cutar da wuri, aka yi ta ƙara masu ruwa. Saurayin da abin ya samu a wani ƙauye na Sabuwa ko Faskari, idan ƙodarsa ta tsaya, sai an bi da shi ta Funtuwa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko a nufi Katsina, a kan hanyoyin da direbobi da yawa ba sa yarda su bi da daddare, sannan a fara lissafin kuɗin wankin ƙoda da ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Batu na biyu ya fi shafarmu fiye da kowace al'umma a duniya, amma shi ne aka fi yin shiru a kansa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar amosanin jini, inda ake haifar jarirai kimanin 150,000 da ita a shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 na ɗauke da rabin gadonta, wato masu rukunin AS. Mai AS lafiyayye ne, yana noma, yana dambe, yana aikin soja, kuma mafi yawansu har su tsufa ba za su taɓa ganin wata illa ba. Mun saba tuna wannan rukuni ne kawai idan maganar aure ta taso, kamar yadda Jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024. Amma likitocin wasanni sun daɗe da gano cewa idan mai AS ya yi aiki da iyakar ƙarfinsa ba hutu, ga zafi, ga ƙishirwa, wasu ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsoka, sai ya sulale ƙasa a cikin 'yan mintoci, idonsa biyu, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Wanda bai sani ba sai ya ce lalaci ne, ya sa a ɗaga shi ya ci gaba.

Wani bincike da aka wallafa a 1987 a kan kuratan sojan Amurka sama da miliyan 2 da suka yi horo tsakanin 1977 da 1981 ya gano cewa a cikin baƙaƙen fata, masu AS sun fi sauran fuskantar mutuwar fuju'a a lokacin horo da kusan ninki 28. Wannan adadi na da ban tsoro, amma labarin bai ƙare a nan ba. Bayan rundunar ta sauya tsari, ta wajabta shan ruwa da hutu da rage aiki idan zafi ya yi yawa ga kowa da kowa, sai wani binciken na 2016 a kan sojoji baƙaƙen fata 47,944 ya nuna cewa masu AS ba su fi sauran mutuwa ba, kodayake haɗarin dagargajewar tsoka a wurinsu ya fi da kashi 54 cikin 100. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka ma ta fara wajabta gwajin ga manyan 'yan wasanta a 2010, bayan rasuwar wani ɗalibi ɗan wasa, Dale Lloyd, a Jami'ar Rice a 2006.

Darasin da muka ɗauka daga nan biyu ne. Na ɗaya, a cikin kowane ayari na samari 40 da ke gudu a Ƙanƙara, ana iya samun kimanin 10 masu AS, kuma da wuya kocinsu ya san ko ɗaya. Na biyu, maganin abin ba korarsu ba ne. Muna adawa da duk wani yunƙuri na mayar da sakamakon gwajin jini dalilin hana matashi aiki ko wasa, domin zalunci ne, kuma zai sa mutane su riƙa ɓoyewa ko sayen takardar bogi. Abin da ya ceci sojojin can shi ne gyara horon domin kowa, kuma babu abin da ke cikin gyaran da ya fi ƙarfin aljihun ƙaramar hukuma.

Zafi kuwa ba sai an yi wa mutumin Katsina bayaninsa ba. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni kan kai digiri 40 ko ya haura, kuma a kudancin jihar, inda damina ke sauka da wuri, akwai 'yan makonnin da zafi ke haɗuwa da laima, gumi ya riƙa zuba amma ba ya bushewa, jiki kuma ba ya hucewa. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ce ke fara nunawa: mutum ya rikice, ya yi tangaɗi, ya riƙa surutai ko faɗa ba dalili, sannan ya faɗi. A irin wannan hali farasitamol ba ya aiki, kuma jiran mota ɓata lokaci ne. A kai shi inuwa, a cire masa kaya, a tsoma shi a ruwan sanyi ko a yi ta kwarara masa ana fifita, sannan a nufi asibiti. Rabin sa'ar farko ita ce ke raba mai tashi da wanda ba zai tashi ba. Jiki na buƙatar mako 1 zuwa 2 kafin ya saba da aiki a cikin zafi, shi ya sa kwanakin farko na kowane sansanin horo suka fi haɗari. A 2024 da 2025 azumin Ramadan ya faɗo a watan Maris, kuma wanda ya tara matasa masu azumi ya sa su gwale-gwale da rana tsaka bai yi wa addini hidima ba, bai kuma yi wa tsaro ba. Bayan buɗa-baki akwai lokaci.

Yanzu bari mu juyo ga mai karatu, domin mun san da yawa daga masu riƙe da wannan shafi sun haura 40, suna yini a kujera, kuma likita ya riga ya yi masu maganar tumbi. Wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 1993 ya nuna cewa a cikin sa'ar da ta biyo bayan aiki mai tsanani, haɗarin bugun zuciya ga wanda ba ya motsa jiki ko sau ɗaya a mako kan ninka fiye da sau 100, alhali ga mai yi sau 5 ko fiye a mako bai wuce ninki 2 da 'yan kai ba. Wato motsa jiki na kare zuciya, amma ranar farko ta wanda ya daɗe a zaune ita ce mafi haɗari a gare shi. Babban sakataren da ya shekara 20 bai yi gudu ba, ya sayi sabbin takalma ranar Juma'a, ya shiga sahun 'yan shekara 25 ranar Asabar don kada a ce ya tsufa, caca yake da ransa. Ya fara auna hawan jininsa da sugansa, ya yi wata guda ko biyu yana tafiya da sauri, sannan ya ƙara. Idan yana jin nauyi a ƙirji, ko numfashinsa na yankewa a aikin da bai kai ya kawo ba, ko ya taɓa suma, ko wani a danginsa ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya, to likita zai fara gani kafin koci.

Matasa ma ba su tsira ba. Masu shekaru na tuna ranar 12 ga Agusta, 1989, da Samuel Okwaraji ya faɗi a Filin Wasa na Ƙasa da ke Legas ana tsaka da wasa da Angola. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a birnin Liyon na Faransa a watan Yunin 2003. Na kusa da mu shi ne Chineme Martins na ƙungiyar Nasarawa United, wanda ya faɗi a Lafiya ranar 8 ga Maris, 2020, a wasan da suke yi da Katsina United, kuma rahotannin lokacin sun nuna cewa motar ɗaukar marasa lafiya da ke filin ta ƙi tashi. A kwatanta da Christian Eriksen na Denmak, wanda zuciyarsa ta tsaya a fili a watan Yunin 2021, aka danna masa ƙirji nan take, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya tashi har ya koma buga ƙwallo. Ajali na hannun Allah, babu mai musu. Amma Allah ɗin ne ya umarce mu da riƙo da sababi, kuma danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya abu ne da ake koya wa mutum a yini guda.

Akwai kuma abin da kowa ya sani amma ba a son faɗa a gaban manya: ƙwaya ta shiga filin atisaye kamar yadda ta shiga gona da wurin haƙar ma'adinai. Tiramadol na kashe jin ciwo da gajiya, wato yana cire birkin nan da muka ambata ɗungurungum, kuma idan aka sha da yawa yana jawo farfaɗiya. Haɗa shi da lemukan ƙara kuzari masu yawan kafeyin, a cikin zafi, a cikin gudu, neman ajali ne. Ƙungiyar da aka kafa don raba matasa da ƙwaya, idan tsananin horonta ya kai sai da ƙwaya ake iya jure shi, ta rushe dalilin kafa ta. Haka nan ba za a manta da yunwa ba. A garuruwan da ke cike da waɗanda aka raba da gonakinsu, saurayi da yawa kan zo fili da cikin da bai ga komai ba tun tuwon jiya, in ma an samu. Tsarin da aka yi domin Ba'amurken da ke neman rage ƙiba ba zai dace da shi ba sai an rage.

Wani gefen da ke ba mu takaici shi ne mata. Duk wannan muhawara a kan maza ake yin ta, alhali hawan jini da ciwon suga ba su san jinsi ba, kuma matar aure a gari, wadda injin niƙa da famfo suka ɗauke mata daka da ɗiban ruwa, ta fi kowa ƙarancin motsi. Makarantun Islamiyya na matan aure da ke kusan kowace unguwa na da fili da katanga da amincewar mazaje. Rabin sa'a na motsa jiki matsakaici a ƙarƙashin malama mace, sau 3 a mako, ba zai taɓa mutuncin kowa ba.

A namu ra'ayin, hana wannan atisaye ba zai yiwu ba, kuma bai kamata ba. Abin da ya rage shi ne a sa masa linzami, kuma gwamnatin jiha ce ya kamata ta fara da kanta, tunda ita ke tara matasa mafi yawa a sansanin horo. Duk wanda za a ɗauka a rundunar tsaron al'umma, ko wani aiki mai kaki, a auna masa hawan jini, a yi masa gwajin rukunin jini da na fitsari kafin ya taka fili, a kuma sanar da shi sakamakon a asirce. A mayar da makonni 2 na farko na sabo da aiki, ba na nuna wa kurata iyakarsu ba. A haramta amfani da tsallen kwaɗo a matsayin hukunci, a sansani ko a makarantun kwana, domin hukunci ba shi da ma'auni sai fushin mai yin sa. Kada a busa usur sai akwai ruwan sha wadatacce, da ruwan gishiri da suga, da baho ko duro cike da ruwan sanyi a inuwa, da ma'aikacin lafiya, da motar da aka tabbatar tana tashi. Majalisar Dokokin Jiha na da hurumin tambayar alƙaluma: mutum nawa ne suka faɗi a horo, nawa aka kwantar, me ya same su. Rundunar da ke fuskantar harsashi a daji ba ta da rarar mutanen da za ta yi asara a filin fareti.

Ƙungiyoyin unguwa kuwa ba doka ce za ta gyara su ba, domin babu jami'in da zai bi su fili da asuba. Sashen lafiya na kowace ƙaramar hukuma zai iya kiran kocinan ƙwallo da shugabannin 'yan sa-kai da malaman wasanni na makarantu zuwa horon kwana 2 a babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, a koya masu alamomin nan da muka lissafa da yadda ake danna ƙirji. Ƙungiyar Agaji ta Red Cross da 'yan agajin ƙungiyoyin addini na da masu wannan ilimi a kusan kowane gari. Likitoci da ma'aikatan jinya 'yan asalin yankin da ke aiki a Abuja da Kaduna, waɗanda ke zuwa gida da salla, za su iya ba da safiya ɗaya su auna jinin 'yan ƙungiyar unguwarsu. Na'urar awon hawan jini ba ta kai kuɗin ragon layya ba.

Ga shi kansa kocin, ƙa'ida ɗaya muke roƙon ya ɗauka tun kafin kowa ya kira shi wani taro: ya sanar a gaban kowa, a ranar farko, cewa duk wanda ya ɗaga hannu ya fita daga layi ba za a yi masa dariya ba, ba za a tambaye shi dalili ba, kuma gobe yana da wurinsa. Sabon shiga ya yi rabin abin da tsofaffi ke yi har tsawon mako 2, haka ma wanda ya tashi daga zazzaɓi ko ya dawo daga tafiya. Kwana 2 ko 3 na mai tsanani a mako sun wadatar, sauran ranakun a yi gudu mai sauƙi ko a huta. Kuma kafin a watse kowace safiya, ya tuna masu cewa duk wanda ya ga fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, kada ya biya ta kemis, ya wuce asibiti a ranar, ya kuma gaya wa likita irin atisayen da ya yi.